Da Ka Bar Ni Na Rantse, Khalilu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah muke, gare Shi za mu koma, da wanda ajali ya ishe kan tabarma da wanda ya ishe cikin laka.

Ni ce Kulu, wadda ake ce ma Goggo Kulu mai saiwa, nan gefen Kambaza. Ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin salla ba. Ummulkhairi malamar islamiyyarmu ke rubutawa, ni ke faɗi, kuma na roƙe ta ta bar shi yadda ya fito bakina. In kun ji magana ta karkace, tsoro ne, ba ruɗewar tsufa ba.

Khalilu, ɗan ƙanena Garba, ya rasu ranar Litinin, tara ga watan ƙaramar Salla na bana, tsakanin hantsi da azahar. Ba ciwo ya yi ba. Sare shi anka yi da adda cikin fadama, a gabana, ya cika kan cinyata a bayan motar albasa, ba mu kai asibitin Birnin Kebbi ba. Ya bar matarsa Lauratu, 'yar mutanen Dangoma, da ɗiya biyu, Mu'az da Ilham. Ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Khalilu, yanzu da kai nake.

Ubanka ya rasu kana tatata, uwarka ta bi shi, ɗakina ka tashi cikin ƙullin saiwa da ɓawon icce. Wasanka tun kana ƙarami guda ne: ka lallaɓo ta bayana, ka rufe mini ido da hannu ɗaya, ka tura mini ganye a hanci da ɗayan, ka ce in faɗi. In ce sabara. In ce geza. In ce marke ne, kuma na bakin tabki, ba na tudu ba. Wanda ya fāɗi shi ke sayen goro, haka munka aje doka, kuma kai ka yi ta saye har ka yi gemu. Akwai shekarar da ka je Birnin Kebbi ka tsinko ganyen roba daga furen shago, ka zo kana ta danne dariya. Na tauna shi, na ce maka wanga ba shi da uwa. Har ƙasa ka kwanta don dariya, amma goron sai da ka sayo.

Da gwiwoyina sunka gaza, kai ke aza ni bayan mashin ka kai ni daji. Kai ke gina, ni ke nuni. Ban taɓa ganin ka bar ramin saiwa a buɗe ba, sai ka mayar da ƙasa ka taka, don na ce maka icce ma yana jin sanyi a ƙafa. Daminar da bangon ɗakina ya zube, goya ni ka yi kamar jinjira, kana tafiya cikin ruwa kana ce mini in daina addu'a da ƙarfi, ina cika maka kunne. Ba ka taɓa cire albasa ba sai ka ware wadda ta fi kyau ka ce ta Goggo ce, alhali ka san haƙorana ba su iya ta sai a miya.

Shekara biyu da sunka wuce ka bi motar albasa zuwa ƙasar Jos. Ka ce mota ta lalace muku gefen wani daji, ka kwanta ƙarƙashin wasu itatuwa dogaye, miƙaƙƙu kamar turakun lantarki, ganyensu kamar allura. Ka ce in iska ya bi ta cikinsu sai ka rantse ruwan sama ke tahowa. Wani mutumin can ya ce maka fayin ake kiransu. Ni dai bakina bai saba da sunan ba, iccen Khalilu nake ce mishi. Ka zo da ɗan iccen guda a aljihu, wani abu kamar totuwa, amma mai ɓawo-ɓawo irin na bayan kifi. Ka aza shi kan kwano, rana ta buɗe shi, iri ya zubo, kowane da fiffike ɗaya kamar na fara. Ka shuka cikin gwangwanin fenti, ka ce yau ka samu abin kama ni.

Sun tsiro kowane da hular ɓawo a ka, in ya yar da hular sai ya buɗe 'yan yatsu kamar ƙarafan laima. Sai sunka riƙa ruɓewa daga gindi suna kwantawa, har guda ya rage. Na duba shi, ba faɗin ganye, ba jijiya, na ce haki ne, irin wanda awaki ke ci, mutanen Jos sun yi maka wayo. Ka ce mu jira. Munka jira fiye da shekara. Sai na ga ganyen ya fara fitowa uku-uku, a ɗaure ta gindi kamar 'yar tsintsiya, karansa ya yi ja ya yi kaushi. Na karce shi da farce, ƙaro ya fito ya manne mini a yatsa, ƙanshinsa kamar turaren wuta da anka gauraya da man zafi. Haki yana da gaɓa, wanga ba shi da ita. Haki ba ya zubar da ƙaro. Na ce to, icce ne. Ranar nan ni na sayi goro, karo na farko a duniya, kuma sai da ka zagaya gida kana nuna ma kowa kafin ka fasa shi.

Da bazara ta kama bana, bakin ganyensa ya soma ƙonewa, awakin Lauratu kuma sun sa mishi ido. Shi ne ka ɗauki gwangwanin ka kai fadama, ka aje shi inuwar bukka kusa da injin ban-ruwa, inda ƙasa ba ta bushewa.

Nan zan tsaya in yi ma wanda ba ɗan ƙasar ga ba bayani. Gonar nan ta fadama aro ce. Malam Ɗalha ya ara ma ƙanena ita tun ba a haifi Khalilu ba, kuma bai taɓa goranta mana ba. Amma gonar aro tana da doka ɗaya wadda ko yaro ya sani: shuka abin da za ka girbe, kada ka dasa icce. Gero baƙo ne, albasa baƙuwa ce, icce kuwa ɗan gida ne. Wanda ya dasa icce ya ce gonar tasa ce. Gidan Malam Ɗalha sun taɓa ɗanɗana wannan. Akwai wata gonarsu da anka ara, mai aron ya sa mangwaro, da anka je gaban shari'a mangwaron ya zama shaida, gona ta tafi. Malam ya haƙura, ya ce ƙasa ta Allah ce. Ɗansa Sambo bai haƙura ba. Tun da ido ya gaza ma Malam, Sambo ke zagayen gonaki, kuma ko tsiron dogonyaro ya gani sai ya tuge.

Ranar Litinin ɗin ina tsakar gida ina daka, sai ga Kamal, ƙanen Sambo, a kan mashin, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce in zo, ana neman a yi ɓarna a fadama, ni kaɗai za su saurara ma. Na hau ko mayafi ban gyara ba.

Na ishe mutane sun yi da'ira, masu cirar albasa sun bar aiki. Kai kana tsaye, hannunka duk laka, ba ka riƙe da komi. Sambo na riƙe da adda. Ashe ya ga gwangwanin, ya tambaye ka, ka ce ajiya ce, cikin gwangwani take, ba a ƙasa ba. Sai ya sa ƙafa ya shure shi. Gwangwani ya ƙi faɗuwa. Ya sake shuri, ya ƙi. Gindin gwangwanin ya yi tsatsa da damshi, saiwa ta huda shi ta nutsa cikin ƙasa, ta kama. Kai ba ka sani ba. Na ga fuskarka, na san ba ka sani ba. Ba ka dasa shi ba, shi ya dasa kansa.

Sambo ya ce mini, Goggo, ke kika yanke mini cibi, kuma ba a taɓa kawo miki ganye kin ɓata ba. Ya ce mutane sun rabu biyu, wasu na cewa haki ne, wasu na cewa icce. In haki ne, ya yafe, kowa ya kama gabansa. In icce ne, to yau za a san mai gona.

Na durƙusa. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, kore shar, ganyen na motsi. Na shafa shi, na yi kamar ina dubawa, amma ba shi nake kallo ba, addar nake kallo ta gefen ido. An wasa ta, bakinta fari. Na ce haki ne. Na ce irin na ƙasar duwatsu ne, damina ɗaya yake yi ya mutu. Na ji mutane sun sauke numfashi. Na ga kafaɗar Sambo ta sauka, har addar ta taɓa ƙasa. Da an watse a nan, da yau kana nan kana yi mini tsiya cewa na ci amanar goro.

Sai wani daga baya ya ce ai goggonsa ce, mi kuke so ta ce. Ban ga mai maganar ba. Sambo ya ɗago ya dube ni, ya ce in rantse da Allahn da zai karɓi raina.

Wallahi da na rantse. Na buɗe baki, sunan Allah ya zo kan harshena. Ni tsohuwa, ƙafa ɗaya a rami, na yarda in ɗauki wannan in je da shi, in dai za ka koma gida.

Sai ka dafa kafaɗata.

Ka ce, "Goggo, kada ki rantse. Icce ne."

Ka juya ga Sambo ka ce kuskure ne, ba ka da niyyar gonar kowa, yanzu za ka tuge shi da hannunka a gaban kowa, kuma ku je tare ka ba Malam haƙuri. Ka sunkuya, ka kama gwangwanin da hannu biyu. Ƙeyarka a buɗe.

Sai Sambo ya ɗaga addar. Ƙarar kawai na ji, irin ta sa gatari cikin ɗanyen icce. Sara na farko a wuya, ta nan gefen dama. Ka fāɗi kan gwiwa, ba ka saki gwangwanin ba. Jini ya yi tsalle ya same ni a fuska, da ɗuminsa, ya shiga mini baki. Ka ɗaga hannun hagu ka kāre, sara na biyu ya ɗauke yatsu biyu, na gan su cikin laka. Na rarrafa na kama ƙafar Sambo, ina kiran sunan uwarsa, ya fizge, gwiwarsa ta doke ni a ƙirji na kife cikin kwalbatin ruwa. Na uku a kafaɗa ya sauka, addar ta maƙale a ƙashi, yana ja tana ƙi. Nan ne Kamal ya rungume shi ta baya, sunka fāɗi tare, Kamal yana kuka yana cewa ka kashe mu, Yaya, ka kashe mu. Maza wajen ashirin na tsaye, ba wanda ya motsa sai da aikin ya gama.

Inji bai daina aiki ba. Ruwa na ta zuwa yana ɗaukar jininka yana rabawa fangali-fangali, har albasar ƙarshen gona sai da ta sha. Na cire ɗankwalina na danna a wuyanka, ya jiƙe. Na cire mayafi, ya jiƙe. Ni da na tsayar ma mata jini shekara da shekaru, na san ganyen da ake matsawa, na san saiwar da ake jiƙawa, ranar nan ban tuna sunan ko ɗaya ba.

Kamal ne ya kama ƙafafunka, da shi anka aza ka a motar albasa, kan buhunna. Ina riƙe da kanka. Idonka a buɗe, kana kallona, bakinka na motsi iska na fita ta inda bai kamata ba. Na sa kunne. Ba ka yi zancen gona ba, ba ka yi zancen Sambo ba. Kalmar shahada kake ja, tana tsinkewa kana ƙullawa. Na kama maka munka ƙarasa tare. Daga nan nauyinka ya canza a cinyata, na ce ma direba ya rage gudu.

An kama Sambo tun ranar, yana hannun hukuma. Da abin ya tsaya nan, da na yi shiru na ci gaba da kukana. Amma bai tsaya ba.

Ranar da anka rufe ka, samarin gidanmu ko ƙurar maƙabarta ba su kakkaɓe ba sunka ɗauki sanduna da galan na fetur. Sunka ƙone rumfar ajiyar albasar gidan Malam Ɗalha ƙurmus, sunka fasa ma wani ɗan ƙodago kai, mutumin da ko sunanka bai sani ba, sunka sassare ƙafafun shanun noma biyu sunka bar su suna kuka a turke. Tsoho makaho yana zaune a zaure yana jin ƙaurin, yana tambaya wa ya mutu kuma. Wai don kai anka yi. Kai da ko akuya ta ci maka shuka sai ka kai ta gida ka ɗaure ma mai ita.

Bayan sadakar uku Aminu, ɗan yayanka, wanda ya ja samarin nan, ya shigo ɗakina ya tsaya a kaina, ko durƙusawa bai yi ba. Ya ce ni kaɗai ce shaidar da za a ji, don sauran duk sun ce suna sunkuye suna aiki, ba su ga komi ba. Ya ce in an kira ni in ce su biyu sunka sare ka, Sambo da Kamal, kuma tsohon ne ya aiko su. Na ce ba haka anka yi ba. Ya ce to in zaɓa, ko jinin gidanmu ko na wasu, kuma in tuna wa zai ɗauki makarata.

Shekaranjiya da la'asar sai ga Kamal, da sabulu da sukari a leda. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya durƙusa ya yi mini gaisuwa yana hawaye, kuma na san hawayen na gaske ne. Sannan ya ce, Goggo, ai idonki akwai yana, kowa ya sani, ba laifi ba ne in kin ce kin ga kamar wuƙa a hannun Khalilu lokacin da ya sunkuya. Ya ce kalma ɗaya ce, za ta tsare wuyan yayansa. Da zai fita ya tsaya bakin ƙofa, bai dube ni ba, ya ce shi ba zai taɓa ni ba har abada, amma tun ƙonewar rumfar nan akwai yaran da ba su jin maganar kowa, ɗakina kuwa rufin kara ne.

Tun ranar ko kaza ta taka kara sai in zabura. Ina jin tsoron na waje, ina jin tsoron na gida. Ba jaruma ba ce ni, Khalilu, ka fi kowa sani, ko tsawa anka yi sai na nemi bayan wani. Shi ya sa na ce a rubuta yanzu, a karanta ma mutane ranar addu'a, a aika Gwandu, a aika Kalgo, tun ina da bakin faɗi. In wani abu ya same ni, maganar ta riga ta fita.

To ga ta. Hannu ɗaya ya sare ka, na Sambo, sau uku. Kamal bai taɓa ka ba, shi ya riƙe yayansa, shi ya ɗauke ka. Malam Ɗalha bai aiko kowa ba. Kai kuma ba wuƙa a hannunka, ba sanda, gwangwanin fenti ne ka riƙe da hannu biyu. Icce guda ne, ba gandu ba, kuma ba ka dasa shi ba. Aminu, ka ji. Kamal, ka ji. Duk ku biyu ni na yi muku wankan farko, kuma ba wanda zan ƙara ma ko in rage ma.

Lauratu, ɗiyata, ina yi miki ta'aziyya. Ban da abin da zan ba ki sai wannan: mijinki bai mutu yana cin iyakar kowa ba, kuma ba a ji mummunar kalma a bakinsa ba har ya cika. In Mu'az ya girma ya tambaya, ki faɗa mishi haka, kada ki bari wasu su ba shi labarin da sanda a ciki. Ina yi ma iyayenki na Dangoma ta'aziyya, da dangin uwarsa na Wurogauri, da abokan tafiyarsa masu albasa da sunka zo tun daga nesa sunka tsaya a rana. Malam Ɗalha, kai ma ina gaishe ka. Ka ara mana gona da zuciya ɗaya, ga inda ta kai mu. Allah ya ba ka haƙurin naka rashin.

Ya Allah, ga Khalilu nan ya zo maka da rauni a wuya. Ka jiƙansa, ka gafarta mishi abin da munka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya mishi, ka sa ya amsa tambaya yadda ya amsa ta ranar Litinin, ba tare da rawar baki ba. Ka haɗa shi da uwarsa da ubansa a inuwar da ba mai gardamar ta. Ka raya abin da ya bari, ka tsare su daga gadon fushi. Ka kashe wutar ga tun ba ta ci wani ɗan ba.

Ni kuma, ya Ubangiji, an ce cikin makon ga za a zo a ɗauke ni zuwa kotun Birnin Kebbi, in yi alwala, a aza mini hannu kan Littafinka. Ka riƙe mini harshe. Yaron nan da wuyansa ya biya don kada in rantse kan ƙarya, ba ni kuwa sayar da rantsuwata da arha, ko don na gida ko don na waje.

Khalilu, sai na zo. Allah ya sa ka huta. Amin.